Daminar da Matar Ɗana Ta Koya Mini Tafiya

Ruwan bana ya zo da hali. Tun shekaranjiya sama ba ta buɗe ido ba, marka ake ta yi, kwatar unguwarmu ta Dogo Nini ta cika ta batse, manyan motoci sun jeru a bakin titi kamar shanun da aka hana fita kiwo. Ina zaune a zaure ina kallon indararo aka aiko mini da kwaɗon rama daga cikin gida. Loma ɗaya na kai na ji gishiri bai kama ba. Shi ke nan, sai wata damina ta dawo mini ɗungurungum, wadda na so a ce ta tafi da ruwanta.

Zan rubuta ta. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, saboda haka duk malamin da ya ga harafi ya kwanta inda bai kamata ba, ya tashe shi a hankali. Ni ma haka aka yi mini.

Shekara goma da 'yan kai ke nan. Waccan shekarar ruwa ya makara. Shukar farko ta fito ta ƙone, muka sake zuba iri, kuma irin nan daga bakin yara muka ɗebo shi. Da ruwan ya sauka sosai sai ya sauka da ciyawa, gero da ciyawa suna tsere. Gonarmu tana Danchuwa. Ni da ɗana Bukar muke nomanta. Wata safiya, an kwana ana ruwa, rana ta fito da irin zafin nan mai tururi da ke sa riga ta manne a baya, ina sunkuye ina noman fari, sai na ji kamar an sara mini gatari a ƙeya. Hauya ta suɓuce daga hannun hagu. Na ce wa hannun ya ɗauka, ya yi kamar ba da shi nake ba. Na juya zan kira Bukar, ƙafar hagu ita ma ta ce ba ta san zancen ba. Sai ga ni kwance a kunya. Kunyar gona nake nufi. Ɗayar tana gaba.

Ina da hawan jini, na sani. Ina shan maganin duk ranar da na tuna, kuma ni mutum ne mai yawan tunani a kan wasu abubuwan.

Daga asibitinmu na nan Potiskum aka ce a wuce da ni Damaturu a ɗauki hoton kai. Abin da na riƙe a hanya kawai shi ne an tsaya a Damagum shan mai, ruwa na dukan rufin mota, matata Falmata tana ta maimaita sunan Allah a kunnena kamar ni ne na manta shi. Likita ya duba hoton ya ce wata 'yar jijiya ce ta fashe, jini ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa, shi ya shanye ɓarin hagu. Ya ce bai kai a buɗe kai ba. Bakina ya karkace, amma magana tana fita. Falmata ta ce Allah bai nufi Potiskum da hutu ba tukuna.

Ni na san wannan ciwo. Ina saurayi ya kama kawuna. A lokacin an ce iska ce ta buge shi. Aka shimfiɗa masa, aka lulluɓe shi, aka yi turare, aka hana shi ɗaga ko da ludayi, don girmansa. Kowa ya yi masa hidima da zuciya ɗaya. Hannunsa ya naɗe a ƙirji kamar busasshen ganyen kuka, ƙafa ta sandare, haka ya kwanta har Allah ya karɓi abinsa. Don haka da na ji sunan ciwon, na gyara kwanciya. Na ce dattijo ya gama aikinsa, saura a yi masa.

'Yan kwanaki kaɗan, da likita ya ce jinin ya tsaya kuma hawan ya sauka, sai ga wani yaro dogo da farar riga, Yohanna, mutumin wajen Jos, mai aikin gashi. Ni da na ji gashi na ɗauka dutse zai ɗumama. Sai ya tsaya a kaina yana murmushi.

"Baba, yau za mu zauna."

"Ɗan nan, kwanciya aka kawo ni. Dubi takardar da kyau."

"Na duba. Kai manomi ne, ko? In an yi ruwan shuka, mako nawa kake jira kafin ka fita da iri?"

"Ni za ka koya wa shuka?"

"To, kanka ma yanzu ƙasa a jiƙe take. Hanyar da ke kai saƙo hannu da ƙafa ta lalace, ƙwaƙwalwa tana neman wata. Watannin nan na farko ta fi saurin samu. In muka bari ta bushe, za a shuka, amma ba kamar yanzu ba."

Na ce a raina yaron ya iya zance, kamar mai tallan maganin basir. Ya juya ni, ya sauko da ƙafafuna, ya zaunar da ni a bakin gado. Ɗakin ya yi juyi kamar dutsen niƙa. Na karkata hagu kamar buhun da ba a cika ba. Ya tare. Ya ce madalla. Ban ga abin madalla ba.

Ga inda matsala ta fito. Ciyawa ba ta zuwa dubiya. In Bukar ya zauna jinya, gero ya tafi, kuma in gero ya tafi gidan duka ya kwanta, ba ni kaɗai ba. Ya koma gona. Aka bar mini Falmata da matarsa.

Sunanta ba zan rubuta ba, biro ma ya san kunya. Tun da aka kawo ta gidan ban taɓa ganin fuskarta gaba ɗaya ba. Gaisuwa daga bayan katanga take durƙusawa ta yi. In zan shiga gida sai na yi gyaran murya tun daga zaure, in ji ƙarar takalminta ta shige ɗaki. Ban taɓa tauna ko goro a gabanta ba. Haka muka gada, kuma muna zaune lafiya.

Yohanna ya ce dole ya koya wa wanda zai riƙa yi mini a gida. Ya dubi Falmata, 'yar ƙarama kamar buta, ga ciwon baya. Ya dubi matar Bukar, tana can lungu ta ba mu baya, doguwa, irin matan da ke sauke tulu ba su nemi taimako ba.

"Madam, ke zo."

Na rufe ido na fara minshari. Ban taɓa yin barcin ƙarya mai kyau irin wannan ba. Bai yi amfani ba.

Ya nuna mata komai ina ji. Kada a taɓa jan hannun da ya mutu, kafaɗa za ta goce. A tokare gwiwarsa da gwiwarki. A riƙe shi ta ƙugu. Ya nemi abin da za a ɗaura mini a ƙugu a riƙa kamawa, na asibiti yana wurin wani. Sai ta kwance majanyin da take goyon 'yarta da shi ta miƙa, ba ta ɗago kai ba. Yohanna ya ja shi ya ce wannan ma ya fi ƙarfi.

Jama'a, majanyi. Ni Modu, mai furfura har a gira.

A asibiti na daure, don can kowa ba shi da girma, duk riga ɗaya ake sa mana. Da aka sallamo mu na dawo gidana sai na tuna ni wane ne. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da lemo da shawara. "A bar dattijo ya huta." "Kada a wahalar da shi." Ban taɓa jin mutanen Dogo Nini sun faɗi gaskiya baki ɗaya irin ranar ba. Na ce ba wanda zai ƙara ɗaura mini abin goyo.

Don in rufe zancen da hujja na aika aka kira limamin unguwa. Na gyara murya na ce, "Malam, tambaya ce ta addini. Ya halatta matar ɗa ta kama ƙugun uban mijinta?"

Ya ce, "Don me?"

Falmata ta yi caraf ta faɗa masa, ba wanda ya tambaye ta.

Ya shafa gemu, na ga gemun yana rawa. "Malam Modu, matar ɗanka muharramarka ce har abada. Kamar 'yar cikinka take. Lada ma za ta samu."

"Malam, ka duba wani littafin."

"Duk haka suka ce."

Na gudu wurin littafi, littafi ya kamo ni ya miƙa. Daga nan na bar hujja, na juya fuska bango. Bukar yakan ɗaga ni da asuba ya yi mini alwala kafin ya hau babur, in ya dawo magariba ta wuce, a gajiye kamar an doke shi. Tsakanin nan kuwa ba mai taɓa ni sai Falmata, ita kuma juya ni ma sai ta yi nishi. Kwanaki suka tafi a haka. Ruwa na zuba, ɗaki na warin danshi, tabarma ta fara cin bayana. Wata safiya na duba hannun hagu na ga yatsun sun fara shigewa tafi. Na sa na dama na buɗe su, suka koma. Na ja bargo na rufe, kada kowa ya gani. Falmata ta riga ta gani.

Da hantsi na ji an durƙusa a bakin ƙofa. Matar Bukar ce. Ba da ni ta yi magana ba, da Falmata ta yi, ko da yake tsakanina da ita bai fi tsawon taɓarya ba.

"Iya, a ce wa Baba rana ta yi."

Falmata ta juyo. "Wai rana ta yi."

"A ce mata na gani."

"Wai ya gani."

Matar Bukar ta gyara durƙuso ta sake magana.

"Iya, a ce wa Baba ni ma kunyar nake ji. Amma in bai tashi bana ba, baɗi ɗaukarsa zan riƙa yi, da juyawa, da sauran abin da ba a faɗa. Iya ba za ta iya ba, ɗansa kuma yana gona. Kunya biyu ce. Ya zaɓi gajeriyar."

Falmata ta buɗe baki za ta maimaita, na ce, "Na ji. Kunnena bai shanye ba."

Na yi sharaɗi, don kada a ce dattijo ya sallama a banza. A zaure za a yi, tunda tsakar gida laka ce, kuma a rufe ƙofa. Ita ma ta yi nata: ta ja gyale har kan hanci.

Haka muka shiga aiki. Da safe koko ba sukari. Sannan ta miƙe mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta lanƙwasa gwiwar hannu, ta juya idon sawu, tana kallon bango ina kallon rufi, kamar mutum biyu da suka haɗu a layin asibiti. Sai a ɗaura majanyi. Aka mirgino turmi zaure in dafa. Tashi, zauna. Tashi, zauna. Daga baya tsayuwa. Daga baya a tura ƙafar dama, a roƙi ta hagu ta biyo. A nan dole mu biyu mu kalli wuri ɗaya, wato ƙafar nan, kamar akuyar da aka kama a gonar mutane. Gumi na tsiyaya ta gemuna. Umarni kuwa duk ta bakin Falmata yake bi, tana zaune a gefe tana tsinkar zogale. "A ce wa Baba ya miƙe ƙugu." "Wai ka miƙe ƙugu." "A ce mata ƙugun nawa ne."

Bayan azahar a ajiye mini faifan wake in tsince tsakuwa da hannun hagu. Ranar farko ko ƙwaya ban kama ba, sai turawa nake kamar kaza mai ƙoshi. Waken ma ba shi da yawa. Rumbu ya kai ƙasa, tuwo sau ɗaya, sauran rama ce da tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. Likita ya hana ni gishiri, itace kuma jiƙaƙƙe ne, ba a hura wuta biyu, saboda haka gidan duka suka koma cin lami saboda ni. Ina jin jikokina suna tambaya ko gishiri ya ƙare a duniya. Wannan ma wata kunyar ce, amma ita ba ta da majanyi.

Ina da aboki, Jauro Buba, Bafillace, dillali a kasuwar shanu. Ni Babarbare ne, kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba ya ganina ya ƙyale, ni ma haka. Wata rana iska ta taso da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Falmata ta ruga kwashe shanya, ba ta saka sakata ba. Muna tsakiyar zaure, na saki turmi, ban kai bango ba, ba abin da ke riƙe da ni sai majanyi da mai majanyi. Sai ƙofa ta buɗe, Jauro ya faɗo da sallamarsa a baya, malafa na ɗiga.

Ya tsaya. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya cire malafa ya riƙe a ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Modu, sake haihuwarka aka yi ba a gaya mana ba? Yaushe suna? Ragon a wurina za a saya."

"Fita, bawan banza."

"Bawa ya zo barka. Kai, yaron ya yi gemu da wuri!"

A ƙa'ida, baƙon namiji ya shigo, ga uban miji, ita gudu ya kamata ta yi. Amma in ta saki, ƙasa zan sha. Ba ta saki ba.

Jauro ya gama dariyarsa ya share ido. Sai ya matso, murya ta sauka. "Yi haƙuri, 'yata. Daidai kike yi. Mu ma saniyar da ta kwanta da rani, kullum safe sai mun sa itace mun ɗaga ta. Wadda aka bari ta huta, wuƙa ce. Kawo in kama miki." Ya miƙa hannu ya cafki hannuna na hagu zai ja.

"Kada ka ja masa hannu!"

Zauren ya amsa. Jauro ya saki kamar ya taɓa garwashi. Ni kaina na kusa faɗuwa, ba don ƙafa ba, don ban san tana da murya irin wannan ba. Shekara da shekaru ina jin ta kamar kukan sauro daga bayan katanga. Sai ta tuna a gaban wa take, ta sunkuyar da kai ta ce wa turmi, a hankali, "Kafaɗar za ta goce."

Jauro ya koma gefe ya tsuguna kamar ɗan makaranta. Ita ta ƙarasa da ni bango.

Kafin Juma'a babu wanda bai ji ba, daga kasuwar shanu har tashar mota. Ɗan Goye, shi ne sunan da ya raɗa mini, kuma har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani ba. Na yi kwana biyu ina tsara yadda zan rama. Amma ku ji abin mamaki: da asiri ya gama tonuwa sai rufe ƙofa ya zama wahalar banza. Aka bar ta a buɗe, iska ma ta fi shiga. Masu cewa a bar dattijo ya huta suka koma leƙe, wasu na ba da umarni kamar su suka yi karatun. Shi kuma mugun, da bakin da ya tona ni, da shi ya tara gayya. Matasan unguwa da yaransa suka tafi Danchuwa suka yi wa Bukar maimai, wato noma na biyu, a rana ɗaya, aka dama musu kunun tsamiya da ɗan geron da ya rage. Da na ce na gode sai ya ce ba don ni ya yi ba, don kada jariri ya rasa kunu ne.

Gero ya yi ciki, ya fitar da kai. Na bar turmi na kama sanda. Majanyin yana ƙugu, amma sai na lura ya fara sakwarkwacewa, tana riƙe da shi kamar mai riƙe igiyar akuyar da ta san hanya. Ruwa ya fara ja baya. Ranar da na taka zuwa masallacin unguwa, liman ya ga na shigo, ya ce a gyara wa mai tambaya wuri. Da girbi Bukar ya goya ni a babur har gona, na tsaya da ƙafafuna a inda na faɗi, na riƙe zangarniya da hannun hagu. Ba ƙwarai ba, amma ta zauna.

Yatsu biyu ba su dawo ba, ƙaramin da na kusa da shi. Da muka koma wurin Yohanna na tambaye shi ko kwanakin da na yi ina kallon bango ne suka cinye su. Ya ce bai sani ba, wataƙila, wataƙila kuma jinin ne ya riga ya yi ɓarnarsa. Na so ya ce a'a kawai. Yaron ba shi da ladabin yi wa babba ƙarya.

Yanzu in ciwon ya kama wani, yara sai su zaro waya su nuna maka Bature yana lanƙwasa ƙafar roba. Masu dubiya kuwa ba su canza ba, har yau da lemo suke zuwa da "a bar shi ya huta".

Da aka kai amfanin gona gida, matar Bukar ta wanke majanyinta ta mayar wa goyo. Washegari na yi gyaran murya a zaure, na ji ƙarar takalmi, ta shige ɗaki. Gaisuwa ta koma bayan katanga, kamar ba a taɓa yin komai ba. Ni kuma abu ɗaya ya dame ni. Mutum ya ɗauke ka daga tabarma ya tsayar, ba ka ce masa uffan ba? Amma ta ina zan fara? Da wace fuska?

Na zaunar da Falmata na tsara mata jawabi mai tsawo, da addu'a, da albarka har jikokin jikoki, na sa ta maimaita don kada ta zubar da rabi a hanya. Ta tafi. Ba ta daɗe ba ta dawo tana danne dariya da bakin zane.

"Me ta ce?"

"Ta ce amin, ba komai, aikinta ne."

"Shi ke nan?"

"Ta ce kuma a ce wa Baba yana jan ƙafar in ya zo wucewa, tana jin ta daga ɗaki. Ya riƙa ɗagawa."

Har gobe, in zan gifta ƙofarta, ɗaga ƙafar nan nake yi sama kamar zakara a cikin laka. Jikokina sun ɗauka tsufa ne.